Yadin Mista Bitrus

Ni na yi laifi, ba Usta Usman ba. Na faɗi haka tun farko don kada mai karanta wahalar da na sha a Alƙahira ya ɗauka tausayi nake nema. An cuce ni a garin, gaskiya ne. Amma cutar da na yi wa wani ta fi wadda aka yi mini.

Sunana Garba, tela, mutumin Funtuwa. Karatuna bai wuce firamare da allo ba. Na sauka Alƙahira ana gab da shiga shekara ta dubu biyu, kuma ba don ita na fito ba. Wani dillalin biza ne ya ce daga nan zai sama mana, ni da wasu abokan tafiya, takardar shiga Saudiyya, inda aka ce tela ba ya rasa aiki. Ya sauke mu a wani ƙaramin masauki kusa da kasuwar Ataba, ya karɓi fasfo ɗinmu da abin da ya rage a aljihunmu, ya ce gobe zai dawo. Da gari ya waye fasfon kaɗai muka tarar a hannun mai masauki, cikin leda. Ba biza, ba dillali. Mai masaukin ya jira mu kwana biyu, sannan ya fito mana da jakunkunanmu bakin ƙofa ya kaɗe hannuwansa ya ce, "Khalas." Ita ce kalmar Larabcin Masar ta farko da na koya, kuma ban bukaci tafinta ba.

Abokan tafiyata suka watse. Ni na koma kwana a bakin masallatai. A ɗaya daga cikinsu ne wani saurayi ya ji ina yi wa takalmina da ya tsinke faɗa da Hausa, ya tsaya yana dariya. Sunansa Isufu, ɗalibi daga Maraɗi. Ya kai ni ɗakin da suke haya shi da wasu ɗalibai 'yan Nijar, aka matsa mini wuri kusa da ƙofa. Lokacin sanyi ne. Ban taɓa sanin ƙasar Larabawa tana sanyi haka ba. Safe da yamma abincinmu ful ne, wato dafaffen wake, da gurasa. Su suna hadda suna gardama da Larabci da Faransanci, ni ina zaune ina tunanin tuwon dawa. Don kada in zama nauyi kawai, sai na riƙa ɗinke musu duk abin da ya yage da allurar hannu.

Wata rana Isufu ya ɗaga jallabiyarsa yana neman inda na yi faci bai gani ba. Ya ce, "Ashe kai tela ne na gaske? To me kake yi a nan kana cinye mana ful? Yalla, tashi."

Muka hau mikrobas, ƙananan motocin haya na garin, har ƙarshen gari ta gabas, unguwar da ake kira Arba wa Nus. Gidaje ne na jan bulo da ba a yaɓe ba, lunguna duk yashi, ruwa sai an saya a jarka. Baƙaƙen fata sun yi yawa a wurin, har na ji numfashina ya sauka. A nan shagon Usta Usman yake. Usta laƙabi ne da suke yi wa gwanin sana'a.

Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun bar ƙasar Hausa a ƙafa za su hajji, suka tsaya a Sudan ba su ƙarasa ba. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, gauraye da Larabci. Ya koyi ɗinkin kwat a hannun wani Bagirke a Khartum tun yana saurayi. Mutum ne mai zafin baki, ba ya yabo. Ya miƙo mini ƙyalle ya ce in yi masa ramin maɓalli. Na yi, ya kai shi kusa da ido, ya ce, "Wannan ramin ɓera ne." Duk da haka ya nuna mini ƙarƙashin teburin yanka ya ce nan ne makwancina. Da la'asar matarsa, Hajja Nafisa, ta kawo asida da miyar busasshiyar kuɓewa. Ranar na fara cin abin da ya yi kama da tuwo tun barina gida.

Usta yana da ƙa'ida. Ba ya sa almakashi a yadin mutumin da bai gani da idonsa ba. Kuma awo da tef kaɗai ba ya isarsa. Sai ya sa mutum ya taka zuwa ƙofa ya dawo, ya zauna, ya ɗaga hannu, ya zuba makullai da walat a aljihu kamar yadda ya saba. Bayan ya yanka sai ya haɗa da farin zare sako-sako, mai kaya ya dawo a gwada a jikinsa, a warware, a gyara. Masarawa suna ce wa wannan gwaji birofa.

Kaftani da jamfa da aikin wuya ya bar mini, don a nan na fi shi, shi ma ya sani ko da bai faɗa ba. Amma yadin kwat, iyakata guga da maɓalli. Duk lokacin da na ce ya bar ni in yanka, amsarsa ɗaya: "Lissa, ya Garba." Wato da saura. Shekara ta zagayo, wata ta biyo, ina jin lissa. Abin ya tsaya mini a rai, don a Funtuwa ni ma ina da masu ce mini maigida.

A wannan lokacin ne Mista Bitrus ya fara zuwa. Ma'aikaci ne a ofishin jakadancinmu da ke Zamalek, mutumin Kafanchan, yana zaune a Mohandessin. Matarsa ta rasu kafin a turo shi Masar. Ya taɓa faɗuwa a babur yana saurayi, kafaɗarsa ta hagu ta sauka ƙasa da ta dama, hannun kuma ba ya miƙewa sosai. Ya ce duk rigar da ya saya a kanti sai ta zauna masa kamar ta aro. Usta ya auna shi, ya yanka masa kaftani da kansa, ni na ɗinka. Ranar da ya sa, ya juya gaban madubi ya juya, ya ce, "Yauwa! Wannan shi ne tailor-made."

Na ce, "Ranka ya daɗe, me ke nan?"

Ya ce, "Maganar Turawa ce. Asalinta tufar da tela ya auna mutum ya ɗinka masa shi kaɗai, ba wadda kamfani ya ɗinka da yawa aka rataye a kanti ba."

Usta bai ɗago daga keke ba ya ce, "Sai yanzu Turawa suka gano? Nan tafsil ake cewa. Na kanti kuma gahiz."

Mista Bitrus ya ce, "Baba Usta, bari in ƙarasa mana. Bature ya fitar da ita daga shagon tela. In aiki ya dace da mutum kamar don shi aka buɗe shi, sai su ce tailor-made ne gare shi. Haka gida, haka mota. Har mata, in mutum ya yi sa'a." Sannan ya dube ni ya ce, "Kamar dai Alƙahira da Garba."

Usta ya ce, "A'a. Wannan gahiz ce. Ta yi masa yawa a kafaɗa."

Suka yi ta dariya. Ni kuwa na riƙe kalmar.

Mista Bitrus ya sa kaftaninsa ya je ofis, kafin wata ya ƙare iyalan ma'aikatan ofishin sun fara aiko da yadi. Maza kwat da kaftani, mata atamfa da leshi da shadda na 'ya'yansu. Shagon ya cika. Tun da Arba wa Nus ta yi musu nisa, kuma masu tasi ba sa son shiga, ni na zama mai kai kaya da karɓowa. Nakan fita da safe, in sauya mota in sake sauyawa, in haye kogi zuwa Zamalek da Mohandessin. Bizata ta daɗe da ƙarewa, don haka duk inda na hango 'yan sanda sai in sauya titi. A manyan gidajen, mai gadin ƙofa, wanda suke kira bawwab, ba ya barina in hau lif. Matakalar bayan gida yake nuna mini. A kowace ƙofa in na miƙa kaya sai in ce, "Tailor-made ne, Hajiya." Har matan suka sa mini suna. Da sun ji ƙararrawa sai ka ji, "Ga Telamed nan ya zo."

Wata rana na kai wa Mista Bitrus kaya gida, ya ce in jira. Ya shiga ɗaki ya fito da wani yadi a naɗe cikin farin zane. Yadin kwat ne na ulu, shuɗi mai duhu, taɓa shi ma daɗi. Ya ce matarsa Saratu ce ta saya masa a shekarar da ta rasu, bai taɓa samun telan da ya yarda ya ba shi ba. Yanzu 'yarsu za ta yi aure a gida a watan Kirsimati, yana so ya shiga coci da ita cikin yadin uwarta.

Ya ce, "Ka kai wa Baba Usta. Ka ce masa zan shigo ranar hutu ya auna ni."

Na ce, "Ai ba sai ka wahala ba, ranka ya daɗe. Ya riga ya san jikinka. Ya ce duk sanda ka kawo aiki in auna ka kawai."

Usta bai taɓa faɗin haka ba. Na ciro tef na auna shi.

Ba zan ce na yi niyyar cuta a ranar ba. Niyyata in ɗinka kwat ɗin a ɓoye, in shimfiɗa ta gaban Usta in ga ko zai sake ce mini lissa. Dama kuma ta samu, don a lokacin yanar ido ta fara rufe masa idon dama, Hajja Nafisa tana raka shi asibiti su wuni a layi. Na ɓoye yadin ƙarƙashin katifata. Ranar da suka fita na shimfiɗa shi a teburin yanka, na ɗauki alli da babban almakashin Usta.

Na yi abin da hannuna ya saba tun ina yaro. Telan kaftani ninka yadi yake yi biyu ya yanka dama da hagu a tare, su fito iri ɗaya. Sai da na gama na tuna jikin Mista Bitrus ba iri ɗaya ba ne dama da hagu. Na ce ba komai, in rage kafaɗar hagu. Na rage. Ashe da yake yadin a kife yake, ta dama na rage. Na koma in daidaita ɗayar, na zarce. Na yi ta bin kuskure da almakashi har gaban kwat ɗin ya zama ba zai rufe ƙirjin yaro ba. Yadin kuwa daidai kwat da wando ne, ba ragi. Na tattara gutsattsarin har da yadin wandon cikin leda, na jefa a juji a hanyar tasha.

Washegari na tafi Ataba. Na zaga har na sami kwat ta kanti mai kalar da ta yi kusa. Na ɓalle lambar kamfanin. Usta yana da 'yan ƙananan ƙyallaye da aka saƙa sunansa a kai da Larabci, yana ɗinka ɗaya a cikin aljihun duk kwat ɗin da ta fita daga hannunsa. Na ɗauki ɗaya na ɗinka. Na rage hannun hagu, na cusa auduga a kafaɗar, na goge, na riƙe ta sai da tafiyarsa ta matso sannan na kai.

Ya sa ta a gaban madubi. Wuyan ya tashi daga bayansa, gaban hagu ya zubo ƙasa. Bai yi maganar wannan ba. Yatsunsa ya sa ya murza bakin hannun, ya sake murzawa.

Ya ce, "Garba, wannan ba yadin Saratu ba ne."

A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Maimakon haka na sunkuyar da kai na ce, "Ranka ya daɗe, ban so ka sani ba. Idon Baba ne. Ya ɓata yadin wajen yanka. Kunya ta hana shi faɗa, ya nemo mai kama da shi ya ɗinka. Don Allah kada ka yi masa maganar. Tsoho ne, abin zai karya shi."

Ya cire kwat ɗin ya zauna a bakin kujera da ita a cinyarsa. Sannan ya ce, "Ma'alish, ba komai. Allah ya ba shi lafiya." Har ruwa ya ba ni kafin in fita. Da kaftani ya je bikin 'yarsa.

Bai yi wa Usta maganar ba, kamar yadda na roƙa. Amma da ya dawo, ya ga matar wani abokin aikinsa za ta aika da leshi mai tsada kafin Sallah, sai ya ce mata ta yi hankali, idon tsohon ya fara rauni. Ba da mugunta ya faɗa ba. Kafin Sallar maganar ta shiga kowane gida.

Matan sukan tare ni a ƙofa su ce, "Telamed, wai da gaske Usta ba ya gani?"

In ce, "Sai dai addu'a, Hajiya."

"To kai fa? Ba ka iya ba?"

"Ai dama naku ni ke ɗinkawa."

Wata Hajiya ta ba ni aron kekenta, wani bawwab ya sama mini ɗaki a saman rufin wani bene a gefen Mohandessin. Na ce wa Usta na sami aikin guga a wani shago. A lokacin yana zaune yana mamakin yadda yadi ya daina shigowa, yana cewa wataƙila albashi ne bai fito ba. Da na gaya masa zan tafi, ya ce, "Tamam. Nan ma ba aikin mutum biyu yanzu." Hajja Nafisa ta ƙulla mini busasshiyar kuɓewa a leda, ta ce in riƙa cin abinci mai zafi.

Aiki ya zo mini. Ban sake taɓa yadin kwat ba, nakan ce ba na da lokaci. Masu son kwat suka koma wurin telolin Masar.

Ana nan wa'adin Mista Bitrus ya ƙare. Wata rana da hantsi na ji mutum yana hawo matakala yana haki. Shi ne, da kwat ɗin a hannu. Ya ƙi zama.

Ya ce, "Na je yi wa Baba Usta sallama jiya. Na ce masa kada ya tafi da damuwar kwat ɗin nan a ransa, na yafe tuni. Ka san me ya ce mini? Ya ce, wace kwat?"

Ya ɗaga kwat ɗin da ke hannunsa.

"Na koma gida na ɗauko masa. Ya shafa cikinta ya ce gahiz ce. Ya shafa ƙyallen da ke cikin aljihun ya ce sunan nasa ne, ɗinkin naka ne. Sai ya sa aka kawo mini shayi. Bai ƙara ko kalma ba." Ya ajiye kwat ɗin a kan kekena. "Ka tuna ranar da ka tambaye ni ma'anar tailor-made? To ƙaryar nan taka ce tailor-made, Garba. Ka auna tsohon, ka san idonsa. Ka auna ni, ka san ba zan iya kunyata shi ba. Ta zauna mana daidai, ba inda ta tashi. Da haka ka auna kwat ɗin, da na sa ta."

Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Nawa ka bar shi. Yadin ya tafi, mai yadin ma ta tafi. Jibi zan hau jirgi. Zan gaya wa waɗanda na iya gaya wa, amma ni na fara yaɗa maganar, kuma na san ba ta dawowa yadda ta fita. Tsohon yana nan. Ba teku a tsakaninku."

Ban je ba. Makon farko na ce sai ya huce. Daga baya na ce sai bayan Sallah. Da aka jima na ce ai ya manta. Ma'aikatan ofishin suka yi ta sauyawa, waɗansu su tafi waɗansu su zo, amma maganar ba ta tafi da kowa ba. Ana miƙa ta ga sababbin zuwa tare da lambar mai kawo gas da sunan kasuwar da ake samun manja. Matan da ba su taɓa ganin Usta ba sukan ce mini, "An ce akwai wani tsoho makaho can bayan gari mai ɓata wa mutane yadi." Ni kuwa in ci gaba da awo.

Ban yi arziki ba. Rufin bene zafi da rani, sanyi da hunturu. An taɓa kama ni a shingen 'yan sanda na kwana biyu a tsare kafin mijin wata mai ba ni ɗinki ya sa baki. Mahaifiyata ta rasu, labarin ya iso ni bayan an yi sadakar bakwai, kuma ko da ya zo da wuri ba ni da takardar fita. Na yi mata salla ni kaɗai a saman rufin, tsakanin tankunan ruwa. Shekaru suka wuce a haka.

Isufu ne ya zo yi mini ban kwana bayan ya gama karatunsa. Muna shan shayi ya ce, "Ka ji Usta zai rufe shago? Sudan zai koma wurin ɗansa."

Na ce, "Idon ne?"

Ya ce, "Wane ido? An yi masa aiki tun tuni, yana zura zare a allura da kansa. Idon ya dawo, mutane ne ba su dawo ba. Faci yake yi da rage tsawon wando ga 'yan unguwa. Kai ba ka leƙa shi ne?"

Sai na gaya masa komai. Shi ne mutum na farko da ya ji daga bakina. Ya ajiye kofinsa.

Ya ce, "Ni na kai ka wurinsa."

Na ce, "Na sani. Ina ta istigfari."

Ya ce, "Istigfari tsakaninka da Ubangijinka ne. Wannan haƙƙin bawa ne, ya Garba. Sai ka mayar da abin da ka ɗauka, sannan ka nemi mai shi."

"Me zan mayar? Yadin ba ya nan."

"Ba yadi ka ɗauka a wurin Usta ba."

Na ɗauki mako ina bin gidajen da nake kai ɗinki. A kowace ƙofa na faɗi magana ɗaya: tsohon Arba wa Nus yana gani, bai taɓa ɓata yadin kowa ba, ni na ɓata na ɗora masa. Wata ta ce, "Wane tsoho?" Wata ta ce, "To ni yanzu me zan yi da wannan labarin?" Wata kuwa ta aiko direba ya karɓi yadinta da ke wurina, rabin ɗinki. Hajiyar da ta ba ni aron keke ta daɗe da komawa gida, don haka ba ta ji ba. Mace ɗaya ce, wata Madam 'yar Jos, ta tambayi kwatancen shagon. Na ba ta, na kuma ce mata ta yi sauri.

Daga nan na hau mikrobas zuwa gabas. Unguwar ta ƙara girma, benaye sun tashi inda na san fili. Sai da na yi tambaya kafin na gane lungun. A ƙofar shagon wasu maza biyu suna ƙoƙarin fito da teburin yanka, ya maƙale a ƙofa. Hajja Nafisa tana tsaye tana ba su umarni. Ta gan ni ta riƙe ƙugu.

Ta ce, "Wa nake gani? Telan manya! Ɓatan hanya ka yi?"

Na gaishe ta, ba ta amsa ba. Daga ciki Usta ya ce, "Bar shi ya shigo."

Na raɓa ta gefen teburin na shiga. Shagon ba komai sai buhuna da inda keke ya bar shaida a ƙasa. Yana zaune a kan akwati, da tabarau mai kauri, yana naɗe zare a kwali. Ya rame. Ya dube ni daga hula har takalmi, irin kallon da yake yi wa mai kawo yadi.

Ya ce, "Ninka yadin ka yi ka yanka?"

Na ce, "E, Baba."

"Sannan ka rage ɓangaren da ba shi ba."

"E."

"Gutsattsarin fa? Ina ka kai su?"

"Na zubar."

Ya daina naɗin zaren. Ya ce, "Ka zubar. Da ka kawo mini su a ranar, da na zage ka, wataƙila in mare ka, sannan in fitar masa da falmaran a ciki. Wandon ma ai ba ka taɓa shi ba. Da ya shiga coci da abin matarsa a jikinsa."

Wannan ban taɓa tunaninsa ba, duk tsawon shekarun.

Ya ce, "To me ya kawo ka? Keke na sayar. Tebur ga shi can ana fita da shi. Ba abin da ya rage da za ka ɗauka."

Masu teburin sun tsaya suna kallo, Hajja Nafisa tana bakin ƙofa. Na cire takalmi na durƙusa a gabansa kan siminti.

Na ce, "Baba, ni na ɓata yadin. Ni na ɗinka sunanka a kan abin da ba hannunka ya yi ba. Ni na ce ba ka gani, alhali kana gani. Na kwana a shagonka, na ci abincin gidanka, na kwashe maka mutane, na bar ka kana zargin kanka. Na bi gidajen na faɗa musu gaskiya, amma na makara, kuma ba ni da abin da zan mayar maka da shi. Ban zo da wata hujja ba. Ka yafe mini don Allah. In ba za ka iya yau ba, ka bar ni in taya ku ɗaure kaya, gobe in sake roƙonka."